Tumakin Zare na Baba

Baba ya iso mana unguwar Kirkissoye a Yamai a bayan kamyon, babbar motar albasa, a shekarar da fari ya sake komowa ya share ɗan abin da na farko ya rage. Soja ke mulki a lokacin, kowa ya iya bakinsa, ko kukan yunwa sai a cikin ɗaki ake yi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, cikina ya fara turo zane, sai na ji sallama a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa irin ta baƙon da bai tabbata nan ne gidan ba. Na leƙa na ga wani tsoho da sanda da buta da tabarma a naɗe. Wallahi sai da na sake dubawa kafin na gane ubana ne. Mutumin da na bari da wuya kamar turmi, ga shi riga na lilo a jikinsa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a arewacin Tawa. Baba manomi ne, amma zuciyarsa na wajen tumaki. Inna ta rasu tun kafin wannan masifa, ƙannena maza sun tsallaka kudu neman abinci, babu wanda ya aiko ko gaisuwa. Bisashen kuwa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa. Bai ba ni labarin ba, ni ma ban tambaya ba. Da na ce ina tumaki, sai ya buɗe tafin hannunsa ya hura iska a kai, ya nemi ruwan alwala.

Na yi murna da zuwansa, na ce to, ko ba komai ya tsira. Ashe nan wahalar za ta fara. A wajenmu namiji ba ya cin abincin gidan surukinsa, wato mijin ɗiyarsa. Ya zo gaisuwa ya sha ruwa ya tashi, in kwana ya kama shi ya sauka gidan wani. Balle ni da nake ɗiyarsa ta farko, wadda ko sunana bai taɓa kamawa ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Yanzu ga shi babu gidan wani da zai sauka a duk Yamai, sai zauren mijina. Kwana ya yarda da shi don dole. Ci ne ya ƙi.

In na kai masa tuwo sai ya ce in ajiye. In na koma ɗaukar kwano sai in tarar ya gutsuri gefe kaɗan don kada a ce ya raina, ya rufe da faifai. Kullum maganar ɗaya ce, ya ƙoshi. Ƙoshin me, don Allah? Ya sayar da rawaninsa, ya sayar da wuƙar ɗamararsa, yana sayen ƴar fura a bakin hanya yana damawa da ruwa mai yawa, ita ce safe ita ce dare. Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutum mai sanyin hali, shi ma ɗan ƙauye ne, ya san abin da ake ciki. Sai ya riƙa fita tun da sassafe, ya durƙusa daga nesa ya gaida Baba, ba zai komo ba sai an yi isha'i, wai ko tsohon zai sake ya ci in ba ya nan. Bai yi amfani ba. Baba ya ce ba idon mai gida yake jin kunya ba, hatsin mai gida ne ba ya wuce masa maƙogwaro. Ya ce da zarar ƙafafunsa sun yi ƙwari zai koma gida.

Ni kuwa na san abin da ke gida. Babu komai can sai rumbu wayam da rijiyar da ta kafe. In ya koma kafin ruwa ya sauka, mutuwa zai tarar. In ya zauna a haka ba ya ci, ita ce dai za ta same shi a zaurena. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira limamin unguwa ya yi masa nasiha cewa babu haramci a ciki. Baba ya saurare shi da ladabi har ya gama, ya ce ya gode, ya san ba haramun ba ne. Liman na fita ya rufe kwanon.

Abin da ya buɗe mana ƴar kafa, sana'ar da nake yi ce ta ƴan dabbobin zare. Maƙwabciyata ce ta koya mini, wata Kirista mutuniyar Dogon Dutsi, mijinta na aiki a likita, wato asibiti. Ta girme ni, Tanti nake ce mata. Ita ta koyo a wajen matan cocinsu. A shekarun nan an cika kasuwa da rigunan sanyi na gwanjo, da waɗanda aka aiko na taimako. Ka ji aikin mutanen waje, muna ƙonewa da rana muna neman hatsi, su suna aiko mana rigar sanyi. To mu dai ba mu bar su sun lalace ba. Mukan warware su, mu jiƙa zaren mu shanya da dutse a ɗaure a ƙasa don ya miƙe, sannan mu yanka kwalin madara mu fitar da zobe biyu masu rami a tsakiya. A haɗa su, a yi ta naɗa zare ta cikin ramin har ya cike, a sa almakashi a yanke ta gefe, a zura zare mai ƙarfi tsakanin kwalayen a ɗaure tam, a zare kwalin. In ka girgiza sai ya tashi ya zama tuntu, dunƙule mai laushi irin na saman hular jarirai. Babba shi ne jiki, ƙarami shi ne kai. A aske su da almakashi su yi siffa, a ɗinke, a sa kunne na ƙyalle, ƙafa ta waya da aka naɗe da zare, ido na ƴan duwatsun ado. Mukan yi ƴan tsaki da zomaye da tumaki. Tanti ke kai su bakin kasuwar Piti Marshe, inda matan annasara da matan manyan ma'aikata ke zuwa cefane, suna saya wa ƴaƴansu.

Wata rana da hantsi muna aiki a inuwar itacen bedi, Baba na zaune a bakin zaure yana jan tasbaha, sai na ga ya daɗe yana kallon wata tunkiya da na gama. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya juya ta, ya ja kunnen, ya ce wannan ba tunkiya ba ce, kare ne. Tanti ta tuntsire da dariya. Ya ce kunnen tunkiya faɗowa yake yi, kuma in uda nake nufi, to gabanta baƙi ne bayanta fari, rabi da rabi, ba a yayyafa mata launi kamar zabuwa. Tun zuwansa ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Nan take dabara ta faɗo mini. Na ce masa aikin ya fi ƙarfina da wannan ciki, ya kama mini naɗin zare, abin da aka sayar na hannunsa a sayo masa hatsi da shi, nasa na kansa. Na ɗauka ya ji haushi, don aikin mata ne, kuma abin wasan yara. Sai da aka yi la'asar ya kira ni ya kafa sharuɗɗa. Hatsinsa a tukunya dabam, a zaure, kusa da kansa. Ni zan daka in dafa, wannan ba laifi, ɗiya ce ke yi wa uba. Zare kuma Tanti za ta ba shi, ta cire nata in an sayar, kada ya fito daga aljihun mai gida. Na ƙarshe, ba zai sa wa kowace dabba ido ba, ya ce ba ya buɗe idon abin da ba zai iya ba shi numfashi ba. Na ce na yarda da duka. Da ya ce in yi rawa a tsakiyar titi ma da na yi.

Hannunsa ya san igiya da tufka, saboda haka naɗi bai ba shi wuya ba. Tuntunsa ya fi namu cika da tauri. Shi ke zaɓen launi, shi ke cewa wannan balami ce fara sol, wannan uda, wannan ga tabo a goshi. Ni ina askewa ina ɗinkewa ina manna musu idanu. Kuma tumakin suka karɓu, har suka fi ƴan tsakin Tanti fita. Ranar da ta fara komowa da hatsi a ƙullin zane ta zuba a tukunyarsa, ya sa hannu ya damtsa ya sansana. Na yi masa tuwo da miyar kuka. Ban tsaya kallo ba, amma da na koma kwanon babu saura. Na shige ɗaki na yi kuka na more.

Ba wai ya ƙoshi ba ne a watannin nan. Hatsi ya yi tsada ta fitar hankali, abin da tumakin zare ke sayowa ɗan kaɗan ne, shi kuma yana auna shi da tafin hannu don ya kai. Amma yana ci, maganar komawa gida ta kwanta, har yakan zolayi Tanti ya ce zomayenta sun yi kama da ɓeraye. Ita kuma ta ce masa Baba makiyayin kwali. Na fara sa rai za mu kai damina.

Sai haihuwa ta zo mini da gardama. Na sha wuya, na zubar da jini da yawa, aka dawo da ni gida ko zama ba na iyawa sosai, ga wankan jego safe da yamma. Almakashi ya gagare ni. Tanti na da nata aikin da nata ƴaƴan, ga ta tana dafa mini ruwan wanka. Baba ya ce ba komai, ai ya ga yadda ake yi, shi zai aske ya ɗinke, Tanti ta manna musu idanu kawai.

Ranar da aka fara kawo mini su a faifai in gani, na ɗauki ɗaya na juya ta a hannuna. Ya iya, wannan ba magana. Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Amma tumakin ramammu ne. Ya aske cikin ya shige ciki, ya bar ƙashin baya ya fito kamar bakin wuƙa, ga ƙasusuwan ƙugu biyu a tsaye, ga wuya siriri, kai ya yi wa jiki nauyi ya sunkuya ƙasa. Har layin haƙarƙari ya fitar da bakin almakashi. Ban san zare zai iya yin haka ba. Duk wanda ya bi hanyar ƙauye a shekarun nan ya ga irinsu a tsaye a gindin itace, suna jiran su faɗi.

Tanti ta kai su kasuwa ta komo da su cif. Ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa ta ce wata annasara ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ajiye da sauri ta goge hannu a siket. Wata matar ma'aikaci kuma ta ce ita ba za ta kai wa ɗanta wannan ba, ya yi mafarki. Tanti ta ce ba za ta iya faɗa wa tsohon ba, sai dai ni.

Na dafa bango na fita zaure. Ni ba na iya kewaye-kewaye, tun ina yarinya haka nake. Na ce, "Baba, tumakinka sun rame. Ba mai sayen ramammiyar tunkiya ya ba yaro. Ka bar musu nama."

Ya ɗauki ɗaya ya duba ta gaba da baya, da gaske yake dubawa, yana neman abin da nake nufi. Ya ce, "Ina ramar take? Ai haka tunkiya take."

Nan na gane ba gardama yake yi ba. Ya shekara da shekaru bai ga tunkiya mai ƙiba ba, idonsa ya manta. Na ɗauko wata tsohuwa da ni na aske, ƙatuwa kamar ƙwallo, na ajiye kusa da tasa. Ya ce tawa kumburi ta yi, irin wadda ta ci mugun haki, ba za ta kwana ba.

Duk da haka ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Yakan fara da niyyar barin jiki, ya aske kaɗan ya ajiye. Can in an jima sai ya sake ɗauka, ya ga wani wuri bai yi masa daidai ba, ya ɗan taɓa, ya sake taɓawa. Kafin azahar tunkiya ta koma yadda ya san ta, ga tarin gashin zare a cinyarsa iska na kwasa. Na ce to ya bar aski, ya yi ta naɗi ya tara har in warke. Ya ce ya ji, amma tukunya ba ta jira. Gaskiyarsa ne, hatsin ya kusa ƙarewa.

Na sa Tanti ta ɗebi dawa daga buhunmu ta zuba masa lokacin da ya tafi masallaci. Dawar da ake ba ma'aikata a lokacin ja ce, irin ta taimako, ko makaho ya san ba hatsinmu ba ne, amma ita kaɗai muke da ita, muka cuɗa ta da nasa muna fatan ya kau da kai. Ya komo ya buɗe tukunyar ya duba. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna ya tsince ta ƙwaya-ƙwaya, ya zuba a ƙwarya ya ajiye mini a bakin ƙofar ɗaki. Ranar na yi masa ihu irin wanda ɗiya ba ta yi wa uba. Na ce kunyar nan tasa za ta kashe shi ta bar ni da abin faɗa, na ce mutane na cin ganye da dussa a gari shi yana tsince abinci yana mayarwa. Ya bar ni na gama, ya ce in koma ɗaki iska na dukan mai jego. Maigidana ya ce ko ya ba wani abokinsa kuɗi ya je ya saye tumakin a ɓoye. Na ce ya rufa mini asiri, mutumin da ya tsince dawa daga hatsi zai gane, kuma in ya gane ko kwana ba zai ƙara ba.

Baba ya yi nasa tunanin ya yanke cewa laifin na masu tallan ne. Wai mata ba su san sayar da bisashe ba, mai dabba shi ke tsayawa a kan dabbarsa a kasuwa. Ya ce shi zai kai su da kansa. Muka hana shi, ni da Tanti, don a kwanakin nan soja na kwashe mutanen da yunwa ta koro birni. Duk wanda aka gani da kamar ƙauye, ba takarda ba wurin zama, sai a jefa shi kamyo a tara su a bayan gari, daga nan a mayar da kowa yankinsa, wai su je su jira damina su yi shuka. Rediyo na cewa don amfaninsu ne. Baba ba shi da wata takarda, kuma ko daga nesa ka hango shi ka san daga inda ya fito. Ya ce shi ba bara zai je ba, kasuwa zai ci, kuma ba a kama mai kasuwa.

Haka ya riƙa fita da safe da kwando a ka, ya taka har gada ya tsallaka kogi, kogin da a shekarar ya janye har yara na wasa a tsakiyarsa. Yakan zauna a gefen masu tumatir, ya jera tumakinsa a kan buhu, masu ido da Tanti ta sa wa da marasa ido. Ya komo da yamma ƙafafu sun kumbura, kwando yadda ya tafi. Rana ɗaya ce ya komo da fara'a. Ya ce wani Bafillace ya tsuguna a gabansa ya daɗe, ya ɗauki uda ɗaya ya latsa bayanta da babban yatsa yadda ake yi wa ta gaske, ya tambaye shi daga wace rijiya suke sha. Suka yi ta hira har rana ta karkata. Na ce ya saya? Ya ce da me zai saya, ai shi ma irinsa ne. Amma ya ce mutumin ya san dabba.

A kwanakin nan abin da yake ci bai fi kunu tsararo ba. Ina kwance ina jin tarinsa daga zaure, ga jaririya a ƙirjina tana tsotso, ni ana ɗura mini kunun kanwa da nama don in yi nono. Ban taɓa jin na tsani wata al'ada kamar yadda na tsani wannan ba, kuma ban taɓa ganin girman ubana kamar a lokacin ba. Duka biyun a cikina suke har yau.

Ranar da abin ya faru, la'asar ta yi bai komo ba, magariba ta yi shiru. Tanti ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, na ce faɗi kawai. Ta ce mai tumatir ta gaya mata kamyon soja ya zo da hantsi ya kwashe na bakin kasuwa, har da tsoho mai tumakin zare. Kwandon ma an bar shi a nan, yara sun wawashe.

Gari na wayewa na goya jaririyar, ban cika arba'in ba, Tanti na cewa in bari maza su je, na ce ta matsa mini. Maigidana ya ɗauke ni a mobilet, ɗan babur ɗinsa, da takardunsa na aiki a aljihu. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana wani fili a arewacin gari, can wajen da gidajen unguwar Bobiel suka rufe yanzu. A lokacin babu komai sai ƙaya da yashi. Mutane ne zube a ƙasa ba iyaka, mata da tsofaffi da yara masu manyan ciki, ga kamyoyi a jere, kowane da yankin da zai nufa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun wurin.

Muka sami wani soja mai igiya a hannun riga, maigidana ya nuna takardunsa ya yi masa bayani da Faransanci. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, gajiya ce kawai. Ya ce ai sukan tambayi kowa ko yana da wani a gari, mai dangi a sake shi in an zo. Ya tuna tsohon sarai. Ya ce sun tambaye shi har sau nawa, ya ce ba shi da kowa a Yamai. Maigidana ya sunkuyar da kai. Mu biyu mun san dalili. Kafin a sake shi sai ya kama sunan surukinsa a gaban mutane ya ce shi ke ciyar da ni, ko ya kama nawa. Sojan ya nuna kamyon Tawa ya ce mu je mu sauko da shi, amma mu yi sauri, sun kusa tashi.

Na hango shi tun daga nesa. Yana zaune a bayan kamyon ya jingina da ƙarfe, da wani kwanon gwangwani a cinyarsa. An dafa musu jar dawar nan, an zuba ɗan mai da gishiri, an raba wa kowa kafin tafiya. Baba na ci. Yana cika hannu yana kaiwa baki, yana haɗiyewa kafin ya tauna, mai na bin gemunsa, yana bin gefen kwanon da yatsa. A gaban jama'a, ba faifai ba juya baya. Na tsaya cik. Tun da ya zo gidana ban ga bakinsa na motsi da abinci ba, sai yau. Sai a lokacin na ga iyakar yunwar da ya kwana da ita wata da watanni, taku kaɗan daga tukunyata.

Maigidana na ganin haka ya ja da baya, ya koma can wajen mobilet ya juya mana baya, don kada tsohon ya gan shi ya tsame hannu.

Na matsa jikin kamyon na ce, "Baba, sauko mu tafi gida. An yarda."

Ya dube ni, bai ji kunya ba, bai kuma daina ci ba. Ya ce, "Wannan na gwamnati ne. Tun ina saurayi nake biyan harajin lanho da jangali. Wannan nawa ne."

Na ce na ji, ya ƙare ya sauko. Ya ce an gaya musu can ma za a riƙa ba su, har da iri na shuka. Na ce ƙarya ce, ko an ba su ba zai kai ko'ina ba, shi ma ya sani. Ya ce ko kaɗan ne dai nasa ne. Sannan ya leƙo ya dubi bayana ya ce, "Ke, rufe mata kai, rana na dukanta. Ki gaida mai gidan, ki ce na gode da zaure."

Da na so, da na kira sojan nan da maigidana sun ɗauko shi kamar buhu, ba shi da ƙarfin da zai hana. Na yi tunanin haka, hannuna na riƙe da ƙarfen kamyon. Sai na tuna abin da zan mayar da shi gare shi, zaure da rufaffen kwano da tukunyar da babu komai a ciki. Na tsaya ina kallonsa har ya gama ya side yatsunsa, ya sha ruwa ya yi hamdala. Direba ya tada mota, na saki ƙarfen.

Ruwa ya sauka a shekarar, mai yawa ma. Wani ɗan garinmu da ya zo daga baya ya ce Baba ya yi shuka da hannunsa, hatsi ya fito ya yi kyau, har ya fara fitar da kai. Bai ga girbi ba. An same shi a bukkar gona da safe, aka rufe shi kusa da Inna.

Ƙannena da suka komo bayan shekaru sun ce ni na bar shi ya tafi, har yau akwai wanda ba ya gaishe ni da daɗin rai a kan haka. Ba su nan ranar. Ni na ga ubana yana cin abinci har ya ƙoshi, kuma ban iya ce masa ya ajiye kwanon ba.